Frank Johnson: Shekaru 24 a Kujerar Alƙalanci a Montgomery

Frank Minis Johnson Jr. alƙali ne na kotun tarayya a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. An haife shi ranar 30 ga Oktoba, 1918, ya rasu ranar 23 ga Yuli, 1999. Daga ƙarshen 1955 zuwa tsakiyar 1979 shi ne ke sauraron shari'u a birnin Montgomery, kuma a waɗannan shekaru da wuya a sami wani fanni na rayuwar mutanen Alabama da bai biyo ta gabansa ba. Motocin haya sun zo, rajistar zaɓe ta zo, makarantu da aikin ɗan sanda da asibitocin masu taɓin hankali da gidajen yari duk sun zo. Ana yawan jingina rushewar wariyar launin fata a Amurka ga Kotun Ƙoli da kuma jagorori irin su Martin Luther King, kuma sun cancanci hakan. Amma hukuncin Kotun Ƙoli magana ce da ake faɗa daga Washington. Wanda zai mayar da ita umarni mai suna da rana da wa'adi, ya kuma kwana cikin garin da ake jin zafin umarnin, shi ne alƙalin matakin farko.

Kujerar da ya hau

A Amurka kotuna iri biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa: na jihohi da na tarayya. Na tarayya hawa uku ne. A ƙasa akwai kotunan shiyya, waɗanda yanzu yawansu ya kai 94, a tsakiya kotunan ɗaukaka ƙara, a sama Kotun Ƙoli. Kotun shiyya ita ce kwatankwacin Babbar Kotun Tarayya a Najeriya. A nan ake shigar da ƙara, a nan shaidu ke rantsuwa, a nan ake tantance abin da ya faru da wanda bai faru ba. Kotunan da ke sama ba sa sake kiran shaidu. Abin da alƙalin ƙasa ya tattara a rubuce shi suke dubawa. Saboda haka alƙalin da ya iya tattara hujja yakan ɗaure shari'a tun daga tushe, yadda na sama ba zai sami inda zai kwance ta ba.

Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan alƙalin tarayya, Majalisar Dattawa ta amince. Da zarar ya hau, sashe na 3 na tsarin mulki ya ba shi kujerar muddin ransa, ba a rage masa albashi, ba a kuma cire shi sai majalisa ta tsige shi bisa laifi. Alƙalan jihar Alabama kuwa zaɓensu ake yi, kuma a wancan zamani kusan duk masu jefa ƙuri'ar farar fata ne. Wannan bambanci shi ya sa baƙar fatan kudu suka riƙa tsallake kotunan jiha suna nufar na tarayya. An raba Alabama shiyya uku, kuma ta tsakiya ce ke da mazauni a Montgomery, babban birnin jihar. Duk wanda zai kai gwamna ko wani kwamishina ƙara, a nan zai same shi.

Ɗan duwatsun Winston

Johnson ɗan gundumar Winston ne, a yankin duwatsu na arewacin jihar, kuma a garin Haleyville ya tashi. Ƙasar Winston ba ta auduga ba ce. Ƙananan manoma ne ke zaune cikinta, bayi ba su da yawa, don haka lokacin da Alabama ta ɓalle daga tarayya a 1861 mutanen gundumar da dama suka ƙi bin yaƙin basasar da suke gani na masu manyan gonaki ne. Bayan yaƙin suka riƙe jam'iyyar Republican, ta Abraham Lincoln, alhali sauran jihar ta zama ta Democrat ɗungurungum. Mahaifinsa ya yi alƙalin gunduma, ya kuma zauna a majalisar dokokin jiha a matsayin ɗan Republican, a lokacin da ake iya ƙirga irinsu da yatsun hannu. Yaron ya tashi ya saba da zama cikin 'yan tsiraru, ya kuma saba da ganin mahaifinsa yana riƙe ra'ayi ko da shi kaɗai ne a kai.

Ya auri Ruth Jenkins a 1938, ya kammala karatun lauya a Jami'ar Alabama a 1943. Cikin abokan karatunsa akwai wani ɗan gajeren saurayi mai son siyasa, George Wallace, wanda yakan zo gidansu cin abinci. Daga jami'a Johnson ya shiga soja, ya yi yaƙi a Turai, aka ji masa rauni sau biyu. Da ya dawo ya buɗe aikin lauya a garin Jasper. A 1952 ya yi wa Dwight Eisenhower yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, kuma da Eisenhower ya ci, sai aka naɗa shi babban mai gabatar da ƙara na tarayya a shiyyar arewacin Alabama a 1953. A wannan muƙami ya gurfanar da wasu 'yan'uwa manoma farar fata daga gundumar Sumter, waɗanda ke biya wa baƙar fata tarar kotu sannan su tsare su a gona suna aikin tilas da duka. Ya samu aka kama su da laifi, abin da ba a saba gani ba a kudu.

Da alƙalin Montgomery, Charles Kennamer, ya rasu a 1955, Eisenhower ya ba Johnson kujerar. An rantsar da shi a watan Nuwamba yana da shekara 37, mafi ƙarancin shekaru cikin alƙalan tarayya na lokacin. Bai cika wata ɗaya a ofis ba aka kama Rosa Parks, ranar 1 ga Disamba, don ta ƙi tashi ta ba farar fata wurin zama a motar bas.

Shari'ar motocin bas

Baƙar fatan Montgomery sun ƙaurace wa motocin, suna takawa a ƙasa zuwa wurin aiki. Amma ƙauracewa kaɗai ba ta soke doka. A watan Fabrairu na 1956 wani matashin lauya baƙar fata, Fred Gray, ya shigar da ƙara a kotun tarayya a madadin mata huɗu: Aurelia Browder da Susie McDonald da Claudette Colvin da Mary Louise Smith. A dokar wancan lokaci, idan ana ƙalubalantar dokar jiha da cewa ta saɓa wa tsarin mulki, alƙalai uku ne ke zama tare, kuma daga gare su sai Kotun Ƙoli kai tsaye. Aka haɗa Johnson da Richard Rives na kotun ɗaukaka ƙara da Seybourn Lynne na Birmingham.

Matsalar shari'ar ita ce hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙoli da ke karo da juna. Na 1896, wanda aka sani da Plessy, ya halatta raba fasinjoji bisa launin fata. Na 1954, wato Brown, ya haramta wariya a makarantun gwamnati amma bai ambaci motoci ba. Lynne ya tsaya a kan cewa tsohon hukuncin na nan daram har sai Kotun Ƙoli ta soke shi da bakinta. Johnson da Rives suka ce hujjar da aka gina Plessy a kai ta riga ta rushe, kuma gyara na 14 ga tsarin mulki, wanda ya wajabta daidaito a gaban doka, bai san bambanci tsakanin aji da mota ba. Ranar 5 ga Yuni, 1956, suka yanke hukunci biyu da ɗaya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a watan Nuwamba, aka kuma kawo ƙarshen ƙauracewar a Disamba bayan kwana 381.

Tun daga nan zaman Montgomery ya canza wa iyalin Johnson. Wasiƙun zagi da barazana suka fara zuwa, aka ƙona gicciye a farfajiyar gidansa, alamar da ƙungiyar Ku Klux Klan ke tsoratar da mutane da ita. Mutanen da ake gaisawa da su suka riƙa kau da kai.

Ƙuri'a da tsohon aboki

Rikicinsa da Wallace ya faro a 1959. A lokacin Wallace alƙalin jiha ne, ya kuma ƙwace takardun rajistar zaɓe na gundumomin Barbour da Bullock don kada hukumar tarayya mai binciken haƙƙin ɗan ƙasa ta gani. Johnson ya ba da umarnin a miƙa su. Wallace ya yi ta cika baki a bainar jama'a cewa ba zai bi ba, amma a ɓoye ya miƙa takardun ga wasu kwamitocin kotunsa, su kuma suka ba hukumar. Da aka gurfanar da shi kan raina kotu, Johnson ya wanke shi, ya kuma rubuta dalilin ƙarara: mutumin ya bi umarni, sai dai ta bayan gida ya bi. Wallace na neman a ɗaure shi ya zama gwarzo, alƙalin ya hana shi wannan riga. Bai yafe ba. A yaƙin neman zaɓen gwamna na 1962 sunan Johnson na cikin abin da ya fi zaga a kan dandamali, kuma ya ci zaɓen.

Ba kowace ƙarar baƙar fata ce Johnson ya amsa ba, kuma wannan na cikin abin da ke bayyana irin alƙalin da yake. A 1957 majalisar jiha ta sake zana iyakar garin Tuskegee, ta mai da shi daga murabba'i zuwa wata siffa mai kusurwa 28, yadda cikin baƙar fata kusan 400 masu rajista sai huɗu ko biyar suka rage a cikin gari. Zaluncin a fili yake. Duk da haka Johnson ya kori ƙarar, domin hukunce-hukuncen da ke sama da shi a lokacin sun hana kotun tarayya tsoma baki a zanen iyakoki. Sai da Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar a 1960, sannan ya soke sabuwar iyakar. Ana iya ganin ya yi jinkiri a inda ya kamata ya yi sauri, amma wannan taka-tsantsan ne ya sa hukunce-hukuncensa na gaba suka riƙa tsayawa idan an ɗaukaka ƙara.

A shari'ar rajistar zaɓe ta gundumar Macon a 1961 ya nuna gwanintarsa ta bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Jami'an rajista kan taimaka wa farar fatan da ko karatu bai iya ba ya cike fam, su kuma kayar da baƙar fata mai digiri saboda ƙaramin kuskure. Johnson bai tsaya ga yin Allah wadai ba. Ya kafa ma'auni mai sauƙi: duk sharaɗin da aka sassauta wa farar fata mafi ƙarancin cancanta da aka yi wa rajista, shi za a auna baƙar fata da shi. Ya kuma sa jami'an su riƙa kawo wa kotu rahoton wanda suka karɓa da wanda suka ƙi, da dalili. A 1962 yana cikin alƙalai ukun da suka tilasta sake rabon kujerun majalisar Alabama, wanda ba a taɓa ba tun 1901, shari'ar da ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na Reynolds a 1964 mai cewa ƙuri'ar kowane mutum nauyinta ɗaya.

A watan Mayun 1961, gungun mutane sun lakaɗa wa matasan da ke gwada haɗa launi a motocin safa duka a tashar Greyhound ta Montgomery, 'yan sanda kuma suka yi kamar ba su gani ba. Tashar na daf da ginin kotunsa. Johnson ya ba da umarnin hana Klan taɓa matafiyan, ya wajabta wa 'yan sanda kare su, sannan ya dakatar da tafiye-tafiyen na ɗan lokaci, abin da bai yi wa masu fafutukar daɗi ba. Daga wannan lokaci jami'an tsaron kotun tarayya suka riƙa gadin gidansa dare da rana har fiye da shekara goma.

Selma

Ranar Lahadi 7 ga Maris, 1965, mutane kusan 600 suka taso daga Selma da nufin takawa zuwa Montgomery don neman 'yancin zaɓe. A gundumar Dallas, inda Selma take, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na baƙar fatan da suka isa zaɓe ke da rajista. A maƙwabciyarta Lowndes ko mutum ɗaya babu. A gadar Edmund Pettus 'yan sandan jiha da mutanen Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, wasu a kan dawakai. Washegari lauyoyin masu tattakin suka garzaya gaban Johnson.

Abin da ya fara yi ya ba su mamaki. Ya hana sake tattakin har sai ya saurari ɓangarorin biyu. King ya shiga tsaka mai wuya, domin bai taɓa saɓa wa umarnin kotun tarayya ba, ga kuma dubban mutane sun taru suna jira. Ranar Talata ya ja su har gadar, suka yi addu'a, ya juya da su. Sannan aka shiga kotu. Kwanaki ana sauraron shaidu: King ya ba da shaida, John Lewis, ɗaya daga cikin masu tattakin da aka fasa wa kai, ya ba da tasa, aka kuma haska hoton talabijin na abin da ya faru a gadar a cikin ɗakin shari'a, alƙalin na kallo.

Ranar 17 ga Maris ya yanke hukunci. Ya yarda cewa toshe babbar hanya na tsawon kwanaki abu ne da ya kai maƙurar abin da tsarin mulki ke halattawa. Amma ya ce faɗin 'yancin taruwa da kai kuka ga gwamnati ana auna shi ne da girman zaluncin da ake kuka a kai, kuma a wannan shari'a zaluncin babba ne ƙwarai. Daga nan ya shiga filla-filla, kamar yadda ya saba: inda hanya mai lamba 80 ta tsuke ta zama layi biyu, mutum 300 kaɗai za su taka, kuma wajibi ne jiha ta kare su. Wallace ya ce jiha ba ta da kuɗin wannan aiki, sai shugaba Lyndon Johnson, wanda suna kawai ya haɗa su da alƙalin, ya mai da dakarun jihar ƙarƙashin ikon tarayya. An tashi ranar 21 ga Maris, aka taka kilomita 87, aka iso gaban fadar gwamnati ranar 25 ga wata da mutane kusan 25,000. A watan Agusta aka sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe.

A daren da aka kammala tattakin, 'yan Klan suka bi wata mota suka harbe Viola Liuzzo, farar fata daga Detroit mai 'ya'ya biyar, wadda ke jigilar masu tattaki zuwa gida. A tsarin Amurka mutum 12 daga cikin jama'a, waɗanda ake kira juri, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. A kotun jiha juri na farko ya kasa cimma matsaya, na biyu ya sallami wanda ake tuhuma, duk da cewa akwai mai ba hukumar FBI bayanai a cikin motar maharan kuma ya ba da shaida. Gwamnatin tarayya ta sake gurfanar da mutum uku a gaban Johnson kan haɗa baki don tauye haƙƙin ɗan ƙasa. Nan ma jurin farar fata ne zalla, kuma sun dawo sun ce sun cije. Johnson ya ƙi sallamarsu. Ya tuna musu cewa babu wasu 12 da za su fi su sanin shari'ar, ya mai da su ɗaki. A farkon Disamba suka kama duka ukun da laifi, ya ɗaure kowannensu shekara 10, iyakar abin da dokar ta ba shi.

Shekarar da ta biyo baya, yana cikin alƙalan da suka soke harajin da Alabama ke karɓa kafin mutum ya jefa ƙuri'a, da kuma dokar da ta hana mata zama a juri. A watan Maris na 1967, a shari'ar Lee da hukumar ilimi ta Macon, kotun alƙalai uku ta yi amfani da katsalandan ɗin da Wallace ya yi na tura 'yan sanda su rufe makarantar Tuskegee a matsayin hujja cewa jiha ce ke riƙe da akalar makarantu, don haka ta ba da umarni guda na soke wariya a makarantu da ya shafi hukumomin ilimi 99 lokaci ɗaya. Bayan wata guda aka tayar da bam a gidan mahaifiyar Johnson a Montgomery. Tana ciki, amma ba ta ji rauni ba, kuma ta ƙi barin gidan.

Waɗanda aka kulle

Aikin da ya yi bayan 1970 bai yi suna kamar na Selma ba, amma a nan ne ya fi barin sabon abu a shari'ar Amurka, a nan ne kuma ya fi shan suka. Asibitin Bryce da ke Tuscaloosa na ɗauke da masu taɓin hankali kusan 5,000. A 1970 kuɗin shiga daga harajin taba ya ragu, aka sallami ma'aikata, sai aka shigar da ƙara da sunan wani yaro ɗan shekara 15, Ricky Wyatt, wanda aka kai can ba don yana da ciwon hauka ba. Da farko maganar ma'aikata ce. Johnson ya karkatar da ita zuwa ga marasa lafiyar: da wane haƙƙi gwamnati ke tsare mutumin da bai yi laifi ba, da sunan magani, sannan ba ta ba shi maganin? Abin da ake kashewa kan abincin kowane majinyaci bai kai rabin dala a rana ba, kuma likitocin da suka san wani abu na ciwon ƙwaƙwalwa ba su wuce uku ba ga dubban mutane.

A watan Maris na 1971 ya yanke cewa wanda aka tsare don magani yana da haƙƙi a tsarin mulki a yi masa magani na gaske. Ya ba jiha wata shida ta gyara da kanta. Ba ta gyara ba. A watan Afrilu na 1972, bayan ya saurari ƙwararru, ya fitar da ƙa'idoji dalla-dalla da suka shafi Bryce da asibitin Searcy da kuma makarantar Partlow ta masu raunin ƙwaƙwalwa: yawan likitoci da ma'aikatan jinya gwargwadon majinyata, tsarin magani na kowane mutum shi kaɗai, tufafinsa na kansa, 'yancin karɓar baƙi da wasiƙa, hana ɗaure mutum ko keɓe shi sai da dalilin likita, da biyan lada ga wanda aka sa aiki. Ya kuma rubuta cewa rashin kuɗi ba uzuri ba ne. Jihohi da dama sun kwafi waɗannan ƙa'idoji.

Haka ya yi da gidajen yari. Shaidun da aka gabatar sun nuna cewa a gidan yarin Draper akwai wani gini da fursunoni ke kira ɗakin karnuka. A cikinsa akan cusa har mutum shida a kurkuku mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, babu gado, babu fitila, babu ruwa, sai rami a ƙasa don biyan buƙata, wanda daga waje kaɗai ake iya kora shi. A sauran gidajen cunkoso ya kai ga ƙarfafa na cin raunana, masu gadi kuma ba su isa su shiga tsakani ba. Lauyan jiha da kansa ya amsa a gaban kotu cewa an keta tsarin mulki. Ranar 13 ga Janairu, 1976, Johnson ya yanke cewa zaman gidajen yarin Alabama azaba ce irin wadda gyara na 8 ya haramta, ya kuma gindaya sharuɗɗa, ciki har da fili mai murabba'in ƙafa 60 ga kowane fursuna, da raba masu haɗari da marasa haɗari. Wallace ya ce alƙalin na son mai da kurkuku otal.

Tsakanin waɗannan shari'u biyu, a 1972, ya gano cewa a shekara 37 da kafa rundunar 'yan sandan jihar ba a taɓa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya ba. Ya ba da umarnin duk farar fata ɗaya da aka ɗauka a ɗauki baƙar fata ɗaya, har sai sun kai kashi 25 cikin 100.

Sukar da aka yi masa ba ta masu wariya kaɗai ba ce, kuma tana da nauyi. Masana shari'a da dama sun tambaya ko daidai ne mutum ɗaya da ba a zaɓa ba, ba a kuma iya cirewa, ya riƙa tsara yadda jiha za ta kashe kuɗinta, har ana kiransa gwamnan Alabama na gaskiya. Raba kuɗi tsakanin asibiti da hanya da makaranta aikin zaɓaɓɓu ne. Amsar Johnson, wadda ya maimaita a jawabai da rubuce-rubucensa, ita ce kotu ba ta shiga sai inda zaɓaɓɓu suka yi watsi da aikinsu, kuma wanda aka tauye wa haƙƙi ya kawo kuka ba za a ce masa ya je ya jira majalisa ba. Tarihin shari'un na goyon bayansa a kan abu guda: kusan kullum yakan fara ba jiha wa'adi ta kawo nata tsarin, sai ta gaza yake rubuta nasa. Mutanen da ke Bryce da Draper kuwa ba su da ƙuri'ar da ɗan siyasa zai nema. Sai dai umarnin kotu ba ya haifar da kuɗi ko ma'aikata, kuma gyaran ya yi ta tafiyar hawainiya. A 1979, ganin hukumar gidajen yari ta kasa, ya ɗora alhakin aiwatar da umarnin a wuyan sabon gwamna, Fob James.

Halinsa da ƙarshen aikinsa

Lauyoyin da suka tsaya gabansa sun san shi da tsanani. Yana shiga kotu a kan lokaci, ba ya ɗaukar surutu, kuma idan ya leƙo lauya ta saman tabarau, lauyan ya san ya kauce hanya. Ya hana a kira shaida baƙar fata da sunansa tsirara alhali ana girmama farar fata. Bai yarda a kira shi ɗan gwagwarmaya ba. Yakan ce shi doka yake bi, ba wata manufa ba, kuma ya guji cuɗanya da jagororin ɓangarorin da ke zuwa gabansa. Hutunsa kamun kifi ne da sassaƙa, har manyan agogunan katako yake haɗawa da hannunsa. Ɗansu tilo, wanda ya tashi cikin tsangwama da barazana ya kuma yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ya kashe kansa a 1975.

A 1977 shugaba Jimmy Carter ya zaɓe shi ya shugabanci FBI, amma gwajin likita ya gano kumburi a babbar jijiyar jininsa. Aka yi masa tiyata, murmurewa ta yi jinkiri, ya janye sunansa. A 1979 Carter ya ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 5, kuma da aka raba yankin a 1981 ya koma na 11, wanda ya ƙunshi Alabama da Georgia da Florida. Ya rage aiki a 1991. A 1992 aka sa wa ginin kotun tarayya na Montgomery sunansa, a 1995 kuma shugaba Bill Clinton ya ba shi lambar 'yanci, babbar lambar girmamawa ta farar hula a ƙasar. Ya rasu a Montgomery yana da shekara 80.

Wasu shari'unsa sun ci gaba bayan ya bar kujerar. Ta 'yan sandan jiha ta kai Kotun Ƙoli a 1987, inda alƙalai biyar cikin tara suka amince da irin rabon nan na farar fata ɗaya baƙar fata ɗaya wajen ƙarin girma. Ta Wyatt kuwa sai a 2003 alƙali Myron Thompson, wanda ya gaji kujerar Johnson a Montgomery, ya rufe ta, shekara 33 bayan shigar da ita.